Me ke faruwa a bayan fage a wasannin ɓoyayyiyar kyamara, kuma za a iya yin irinsu a Garwa?

Ɗan Yelwa, daga Garwa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya wadda na daɗe ina juya ta a zuciya, kuma ina fata waɗanda suka yi aikin talabijin, ko suka san sha'anin, za su ba ni haske a kanta.

Tun muna yara muke kallon shirin nan na ƙasar Kanada mai suna Just for Laughs Gags, inda ake ɓoye kyamara a bakin titi, a shirya wa masu wucewa wani abin mamaki, su ruɗe, daga baya a nuna musu inda kyamarar take su fashe da dariya. Da a shagon aski muke ganinsa, yanzu kuwa yana cikin wayar kowa. Mahaifiyata ba ta jin Faransanci, ba ta jin Turanci, amma idan aka kunna mata takan yi dariya har da hawaye, domin babu mai magana a ciki, ido ne kawai yake aiki. Tun shekarar 2000 ake yin shirin, ke nan ya girme wasu daga cikin abokaina.

Ni da abokaina muna da kyamara guda, da wayoyi masu kyawun hoto, da kwamfutar tace bidiyo, kuma muna tunanin fara irin wannan shiri da Hausa da Fillanci don mu riƙa ɗorawa a Facebook da YouTube a azumi mai zuwa. Abin da nake son sani shi ne, mutanen da ake nunawa da gaske ba su san komai ba, ko kuwa 'yan wasa ne aka biya? Su wane ne suke aiki a bayan fage, kuma a ina ake ɓoye kyamarorin? Me ake yi da wanda ya fusata? Sannan me ya sa waɗancan shirye-shiryen suke shekara 20 ko 40 ana yi, alhali na samarinmu ba sa daɗewa, kuma sau da yawa da faɗa suke ƙarewa ko a gaban 'yan sanda? Ba na so in fara abin da zai zubar da mutuncin wani ko ya zubar da namu.

Mai Kyamara, daga Gaundare

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi aikin ɗaukar hoto da tacewa shekaru masu yawa, kuma a cikin wannan aiki an taɓa sa mu shirya irin wannan wasa don wani gidan talabijin, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona, in haɗa da abin da na sani game da manyan shirye-shiryen ƙasashen waje.

Sana'ar tsohuwa ce. Wanda ya buɗe hanyar wani Ba'amurke ne mai suna Allen Funt, wanda a lokacin yaƙin duniya na biyu yake soja, aikinsa ɗaukar muryoyin 'yan uwansa sojoji. Sai ya lura cewa da zarar jar fitilar na'ura ta kama, mutum yakan daburce ya koma magana kamar mai karanta takarda, amma idan bai san ana ɗauka ba sai ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa. A 1947 ya fara shirinsa a rediyo da ɓoyayyen makirufo, a 1948 ya koma talabijin, inda shirin ya shahara da sunan Candid Camera. Bayan rasuwarsa a 1999 ɗansa Peter ya ci gaba da shi. Faransawa sun fara nasu a 1964 a hannun Jacques Rouland, Jamusawa kuma suna da wanda suka fara a 1980 kuma har yanzu ana yi. Duk wanda ya daɗe a cikinsu, ka bincika za ka tarar yana da dokokin da ba ya ƙetarewa.

Abin da kake gani na minti biyu, aikin yini guda ne ko fiye, kuma kafin yinin akwai makonni na shiri. Akwai masu zama su ƙirƙiro wasan su rubuta shi, kuma galibin abin da suka rubuta ba ya zuwa titi. Akwai masu haɗa kayan wasa, waɗanda a wurinmu kafinta ne da mai walda da tela, domin teburin da zai karye da an taɓa shi dole ya karye iri ɗaya sau da yawa, kuma a iya mayar da shi cikin ɗan lokaci ba tare da ya ji wa kowa ciwo ba. Ana gwada wasan a tsakanin ma'aikata kafin a fita. Ana kuma zaɓen wuri inda mutane suke tafiya a hankali, inda rana ba ta dukan gilashin kyamara, inda kuma wanda aka gama da shi zai fita ta wata hanya dabam don kada ya ba mai zuwa labari.

Kyamara ɗaya ba ta isa. Ana son ɗaya mai ɗaukar filin gaba ɗaya, ɗaya a kan ɗan wasan, ɗaya kuma, wadda ta fi duka muhimmanci, a kan fuskar wanda ake yi wa wasan, domin fuskarsa ita ce abin da mai kallo ya zo gani. Ana ɓoye su a mota mai baƙin gilashi, ko a rumfa, ko a cikin akwati mai rami, ko a bayan tagar shago, daga nesa, da gilashi mai jawo hoto. Idan ka ƙara kallon shirin Kanada ka lura da kyau, za ka ga sau da yawa ana farawa da roƙon taimako: wani ya ce a riƙe masa igiyar karensa, ko a tsare masa teburinsa ya je ya dawo. Dalilin shi ne a tsayar da mutum daidai wurin da aka saita kyamarori, ya kuma ɗauki nauyin abin da ke gabansa, ta yadda idan abin ya rikice zai damu da shi.

Akwai wani ma'aikaci da ba a taɓa ganinsa a hoto, wanda ni a wurina ya fi ɗan wasan muhimmanci, wato mai zaɓen wanda za a tsayar. Shi ne yake duban mai zuwa tun daga nesa ya ce wannan a bar shi ya wuce, domin tsoho ne mai rauni, ko mace mai ciki, ko yaro shi kaɗai, ko mutumin da fuskarsa ta nuna daga asibiti yake ko daga wurin gaisuwar mutuwa. Idan wannan mutum ba shi da hankali da tausayi, to shirin ba zai yi nisa ba.

Sauran aikin jira ne. Mutane da yawa ba sa lura da abin da aka shirya musu, wasu su duba su wuce, wasu su gane tun farko su ɗaga wa kyamara hannu, kuma duk wannan zubarwa ake yi. Ka kuma tuna cewa su a Mantiriyal, birnin Kanada da ake ɗaukar yawancin shirin, sanyi ne yake hana su aikin waje, ku kuwa a Garwa zafi ne zai hana ku. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin yake wuce digiri 40, zama a rufaffiyar mota ba tare da an kunna inji ba abu ne mai haɗari ga mutum, kyamarar ma takan ɗau zafi ta kashe kanta, kuma idan kuna azumi wahalar ninki biyu ce.

Yanzu ga abin da samari suka fi mantawa da shi. Idan wasan ya ƙare aka nuna wa mutum kyamara, aikin bai ƙare ba, a lokacin ne ma aka zo wurin da ya fi wuya. Wani ma'aikaci zai matso da takarda ya bayyana masa ko su wane ne, da inda za a nuna hoton, ya nemi ya sa hannu. Wanda ya ƙi, ba a nuna shi, ko kuma a dusashe fuskarsa. A lardin Kebek, inda ake yin galibin shirin da kake so, wannan ba ladabi ba ne kawai, domin a 1998 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a kan wata mujalla da ta buga hoton wata yarinya da aka ɗauka tana zaune a bakin wani gini a Mantiriyal ba da izninta ba, ta ce an tauye mata haƙƙi ko da yake a fili aka ɗauki hoton.

A aikin da muka yi, mun shirya teburin mai shayi da wani kofi wanda aka huda gindinsa, ɗan wasanmu ya roƙi wani dattijo ya zuba masa shayi kafin ya karɓo canji. Dattijon ya zuba, shayi ya tsiyaye, ya ɗaga kofin ya leƙa, ya sake zubawa, sannan ya ciro hankicinsa ya shiga goge teburin da sauri yana waiwaye kada mai shayi ya dawo ya tarar. Da aka nuna masa kyamara ya yi dariya har ya dafa bango. Babu hoton da ya kai nasa kyau a duk abin da muka ɗauka. Amma da aka miƙa masa takarda sai ya ce a'a, yana da surukai a garin, kuma ba zai so su gan shi yana goge teburin mai shayi ana yi masa dariya ba. Shugaban aikinmu ya kira shi cikin motar ya goge hoton a gabansa. A ganina, tawagar da ba za ta iya haƙura da hotonta mafi kyau ba saboda mai hoton ya ƙi, bai kamata ta fita titi da kyamara ba.

Hajiya 'Yar Kasuwa, daga Marwa

Sannu da ƙoƙari ɗana, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka fara. Malam na Gaundare ya yi bayanin aikin, ni kuwa zan yi magana a matsayin wadda take zaune a kasuwa, wato inda za ku zo da kyamarorinku.

Titin Mantiriyal daban, titin Marwa daban. A watan Yulin 2015 an tayar da bama-bamai a nan garin, a bakin babbar kasuwa da kuma unguwar Hausawa da ke kusa da ita, kuma bayan 'yan kwanaki aka sake tayar da wani. A wannan watan ne kuma wani ya yi shigar mata ya tayar da bam a babbar kasuwar Injamena. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna nan a raye, suna zaune a rumfunansu. Saboda haka wasan ajiye jaka a gudu, da wasan ƙara mai firgitarwa, da wasan namiji ya rufe fuska cikin kayan mata, waɗanda wataƙila a wata ƙasa abin dariya ne, a nan suna iya sa mutane su tattake juna, ko a yi wa ɗan wasan dukan da ba zai tashi ba kafin wani ya samu bakin cewa wasa ne. Motar da aka ajiye tun safe mai baƙin gilashi da mutane a ciki, ita ma kanta abin tuhuma ce a wurinmu. Kada ku kuskura ku fara sai sufurefe, wato wakilin gwamnati mai kula da gunduma, da kwamishinan 'yan sanda sun sani a rubuce, jauro, wato mai unguwa, da shugaban 'yan kasuwa su ma sun sani. Haka nan na ga a shirin Kanada suna yawan sa kayan 'yan sanda, to wannan ku cire shi daga lissafinku gaba ɗaya, domin laifi ne a doka, kuma mutanenmu sun sha wahalar masu kayan sarki na ƙarya a hanya.

Sai maganar mata. Wasu samari sun taɓa yi wa wata maƙwabciyata mai sayar da ƙosai irin wannan wasa. Ɗaya ya ci ƙosai ya ce ba shi da kuɗi, ya yi ta ja mata rai, ɗayan yana ɗauka daga kan babur. Ita kuwa jarinta ke nan, da shi take ciyar da marayu, sai ta riƙe rigarsa tana faɗa, ɗankwalinta ya zame, ta faɗi maganganun da ba ta saba faɗa ba. Daga baya suka ba ta kuɗin har da ƙari suka ce wasa ne, amma ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda a nuna. Kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp, yara suna kwaikwayon muryarta idan ta wuce, 'yarta ta daina son zuwa makaranta, ita kuma ta daina fitowa da kaskonta na wani lokaci. Waɗanda suka yi abin sun samu masu kallo, ita ta samu sunan da har yanzu bai bar ta ba.

Ina so ka yi tunani a kan takardar sa hannun ma. Mace da ba ta yi karatun boko ba, an kewaye ta da samari da kyamara, kowa yana dariya, aka miƙo mata takarda da Faransanci, kunya kaɗai za ta sa ta dangwala yatsa. Wannan ba yarda ba ce. A karanta mata da harshenta, mace 'yar uwarta ce za ta yi mata bayani a gefe, a nuna mata hoton, a ba ta lambar waya, a ce ta je gida ta yi shawara, in ta fasa gobe a goge. Dokar Kamaru ta 2010 a kan laifuffukan intanet ta tanadi ɗauri da tara ga mai ɗauka ko yaɗa abin da ya shafi sirrin mutum ba da izninsa ba, amma talaka ba ya zuwa kotu, Allah yake kai wa ƙara.

Malami a Injamena

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Mu a nan Cadi, saboda Larabci, abin da aka fi kallo da azumi shi ne shirye-shiryen Masar, musamman na Ramez Galal, wanda tun 2011 yake fitar da sabo kowane Ramadan. Tsarinsa ya saɓa wa na Kanada tun daga tushe, domin shi tsoro yake sayarwa. A 2012 an shirya 'yan bindiga na ƙarya su tare motar baƙin shirin, waɗanda taurari ne, a hamada, a wasu shekarun kuma jirgin ruwa ne ke nutsewa ko jirgin sama ya yi kamar zai faɗi, ana ɗaukar ihun mutum da kukansa ana yi masa ba'a. A Iraƙi abin ya kai ga hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta dakatar da wasu shirye-shirye a 2021, waɗanda a cikinsu ake sa mutane su ɗauka 'yan ta'adda ne suka kama su. Ina jin tsoron cewa samarinmu wannan suke kwaikwaya, ba wancan ba, saboda firgita mutum ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro abin dariya mai hikima.

Musulunci bai hana raha ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Sai dai akwai hadisi a Abu Dawud wanda kamar don wannan tambaya aka ruwaito shi: sahabbai suna tafiya, ɗaya ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana leƙen asiri. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani a kan wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma a kan wannan ina ba ka shawara ka zauna da malamin da ka amince da shi a Garwa ka karanta masa wasanninku ɗaya bayan ɗaya, domin hukunci yana bin surar kowane wasa.

Mu ma muna da tsarin barkwancinmu. Akwai wasa tsakanin taubasai, tsakanin kaka da jika, tsakanin Fulani da Barebari, akwai kuma tashe da yara suke yi da azumi. A duk waɗannan, an san wanda yake da iznin tsokanar wane, wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma abin yana ƙarewa a wurin. Baƙon da ka tare a hanya babu wannan igiya tsakaninka da shi, ba zai iya ramawa ba, kuma hoton intanet ba ya ƙarewa. Idan kuna neman abin da zai zama naku na kanku, ku duba nan.

Ɗan Kilando, daga Kusiri

Ina neman afuwar manya, amma ni ban yarda cewa mutanen nan ba su sani ba. Shiri ya shekara fiye da 20 a gari ɗaya, da 'yan wasa waɗanda fuskokinsu suka zaga duniya, ta yaya mazaunin garin zai ga wannan fuska da wannan ɗan sanda na ƙarya ya kasa ganewa? Kuma ban taɓa ganin wanda ya fusata ya ɗaga hannu ba, kowa dariya yake yi a ƙarshe. Ina ganin an biya su ne kawai, kuma idan haka ne, gara ɗan uwanmu na Garwa ya ɗauki abokansa su yi kamar ba su sani ba, ya huta da takardu da 'yan sanda.

Mai Kyamara, daga Gaundare

Tambayarka tana kan hanya ƙanena, kuma amsarta tana cikin ɗakin tacewa. Ba ka ganin wanda ya fusata domin wanda ya fusata ba ya sa hannu, wanda bai sa hannu ba kuwa ba ya fitowa. Ba ka ganin wanda ya gane domin an zubar da nasa. Abin da ya rage shi ne 'yan kaɗan da suka yi mamaki da gaske suka kuma yarda, sai a jera su a yanka, a ɗora kiɗa da sautin dariya da aka naɗa tun da farko, har mai kallo ya ɗauka kowa haka ya yi. Mutanen da ke tsaye a gefe kuwa, sau da yawa na tawagar ne, an ajiye su don su taimaka wa wasan ko su shiga tsakani idan abu ya ɓaci. Game da shirye-shiryen da ake yi wa taurari, an daɗe ana zargin cewa wasu baƙin sun sani kuma an biya su, kuma ni ma ina kallonsu da wannan ido. Amma mai wucewa a titi, wanda ya yi tacewa yana gane mamakin gaske, domin akwai ɗan tsayawa da fuska take yi kafin mutum ya fahimci abin da ya gani, kuma ɗan wasa ba kasafai yake iya kwaikwayon wannan ba.

Shahara kuwa matsala ce ta gaske ga duk shirin da ya daɗe, shi ya sa ake sauya unguwa, a sauya 'yan wasa, a je inda baƙi suke, har shirin Kanada ya je ya ɗauki hotuna a Singafo da Meziko. Allen Funt ya ga iyakar wannan a watan Fabrairun 1969, lokacin da aka karkatar da jirgin da yake ciki daga hanyar Mayami zuwa Kuba. Wasu fasinjoji suka gane shi, suka ɗauka shirinsa ne, suka yi ta dariya yana rantsuwa cewa ba shi ba ne, ba su gaskata ba sai da jirgin ya sauka a Habana.

Shawarar a ɗauki abokai su yi kamar ba su sani ba, idan za a faɗa wa mai kallo cewa wasan kwaikwayo ne, babu laifi. Idan za a ɓoye, to a Garwa kowa ya san kowa, kuma ranar da aka gane fuska ɗaya ta fito sau biyu, shirin ya mutu.

Akwai hanya ta uku da ban ambata ba. Wasu abokai huɗu daga Niyok sun fara shiri a ƙarshen 2011 mai suna Impractical Jokers, inda suka juya abin: ɗayansu ne yake fita cikin jama'a da ƙaramar na'ura a kunne, sauran suna ɓoye suna gaya masa abin kunyar da zai faɗa ko zai yi, idan ya ƙi ya faɗi wasan. Mai jin kunyar shi ne ɗan wasan, mai wucewa shaida ne kawai. Wannan ya fi kusa da wasan taubasai da Malam ya ambata, kuma ya fi dacewa da ku da kuke abokai.

Kada kuma ka ɗauka daɗewa tana nufin arziki tabbatacce. Rashin magana ne ya sa aka sayar da shirin Kanada a ƙasashe fiye da 100 ba tare da kuɗin fassara ba, ake kuma nuna shi a jiragen sama da ɗakunan jira, amma duk da haka kamfanin da ke da shirin, Juste pour rire, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Maris na 2024, aka soke babban bikinsa na barkwanci na wannan shekara, daga baya wani kamfanin Kebek ya saye shi. Ku da za ku yi magana da Hausa da Fillanci, kasuwarku ƙarama ce, kuma kuna da ƙarin aikin ɗaukar murya a cikin hayaniyar babura, wanda ya fi ɓoye kyamara wuya.

Ɗan Yelwa, daga Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa abokaina amsoshinku duka. Mun yanke cewa ba za mu fara da azumin nan ba, za mu bari sai zafi ya sauka, kuma za mu bi tsarin da kunyar take komawa kanmu. Mun cire duk wasan da ke da tsoratarwa, ko kayan jami'ai, ko taɓa jarin mai sana'a. Yayar ɗaya daga cikinmu ta yarda ta riƙa yi wa mata bayani, kuma za mu rubuta takardar yarda da Faransanci da Hausa da Fillanci, da lambar da mutum zai kira idan ya fasa.

Baba na Gaundare, saura tambaya ɗaya a kan murya. Idan ɗan wasanmu yana da ƙaramin makirufo a wuyan rigarsa, zai isa ya kama maganar wanda ke tsaye a gabansa a wuri kamar bakin kasuwa, ko kuwa dole sai mun nemi wani mu ɓoye a teburin da za su tsaya?